Muryar Tsoho a Cikin Saba

"Lafiya lau, babu gajiya. Sauran gaisuwar ka riƙe abarka, tunda sai da rana ta take ka tuna kana da mata."

"Haba tsohuwa, ko shigowa ban gama yi ba."

"To wa ya riƙe ka? Ka dai cire min wannan kwalekwalen da kake kira takalmi."

Jikan ya shigo da baya, rungume da kwali, wayoyi na binsa suna jan ƙasa. Dogo ne siriri, aikin haɗa kwamfutoci yake yi a wani ofis, kuma tun yana rarrafe Kaka ta naɗa shi mijinta ba tare da ta nemi shawararsa ba. Daga ranar har yau ba su taɓa fara gaisuwa sun ƙare ta lafiya ba.

Kaka na zaune a kujerarta ta bakin taga, ta haɗe rai, amma idonta na kan kwalin. Kwanakin baya ne yaron ya kwashe tsofaffin kaset-kaset ɗin bidiyon gidan, ya ce zai juye su cikin kwamfuta. Duk tarin nan guda ɗaya ne ya dame ta. Marigayi mijinta shi ke riƙe kyamara kullum, don haka ba a ganinsa ko sau ɗaya, sai dai akwai wani wuri da ya yi mata magana. Wurin nan ta yi ta mayarwa baya shekara da shekaru, har kaset ya cinye, hoto ya koma yayyafi, magana ta koma shuuu. Kalmomin tana riƙe da su a ka. Muryar ce ta fara ɓace mata, in ta rufe ido ta nemo ta sai ta ji ta wani, kuma wannan ya tsorata ta fiye da ciwon gwiwa. Amma ko za a yanka ta ba za ta faɗa wa wannan ɗan ba.

Ya zaro wani baƙin akwati ƙarami ya dire a ƙasa.

"Wannan kuma fa? Murhu ka kawo min?"

"Saba ce."

"Saba da wa?"

"Sunanta ke nan, saba. 'Yar kwamfuta ce. Duk bidiyon gidan nan yana cikinta, ita za ta riƙa aika wa talabijin, ke kuwa ki miƙe ƙafa ki kalla."

"Ni dai ban saba da ita ba, kuma ba na shirin sabawa. Kai ma da ka tsufa kana zarya gidan nan har yau ban saba da kai ba."

"Shi ya sa na hango ki kina leƙen taga."

"Mai kwasar shara nake jira. Ya fi ka cika alkawari, ya kuma fi ka ƙiba."

"To ki aure shi mana, ni ma in huta. 'Yan mata na can sun yi layi."

"Layin karɓar me? Ƙashi?"

Ya yi dariya ya durƙusa, ya cusa kai ƙarƙashin teburin talabijin, ƙafafu suka rage a waje har tsakiyar ɗaki. Kaka ta bi su da kallo tana girgiza kai. Irin ƙafafun kakansa ne sak, har yadda babban yatsa ya karkace, amma wannan ma ba ta faɗa ba.

"Tsohuwa, yaushe rabon da a share ƙarƙashin nan?" muryarsa ta fito daga ciki.

"Tun ranar da ka daina ɓuya a wurin in an zo yi maka wanka."

"Ƙarya kike min, ni da tsabta aka haife ni."

"Ni na karɓe ka, kada ka sa in yi bayani."

Ya jona waya ɗaya a bango, ya ja wata zuwa akwatin intanet, 'yar fitila shuɗiya ta kama a goshin sabar, fanka ta fara wani siririn kuka a cikinta. Kafin ya fito da kansa Kaka ta riga ta miƙa hannu ta ɗauko wani ƙyalle mai ado, irin wanda ta lulluɓe rediyo da shi, da firji, da keken ɗinki. A ɗakin Kaka duk abin da ya kwana biyu sai ya sami mayafi.

"A'a! Kada ki rufe ta."

"Ƙura fa?"

"Numfashi take yi ta waɗannan ramukan. In kin lulluɓe ta zafi zai kashe ta."

"To."

"Kuma wannan soket ɗin, don Allah kada ki kashe shi in za ki kwanta. Na san halinki."

"A gidana? In kwanta in bar abu a kunne?"

"Ba ta barci. Aikinta ke nan, ta zauna tana jira, duk lokacin da kika neme ta ta amsa."

"Tana numfashi, ba ta barci, ba ta son mayafi, ga ido shuɗi. Kai yaro, faɗa min gaskiya, a ina ka tsinto ta?"

"'Yar danginki ce. Ita ma ba ta mantuwa, abin da aka yi shekara arba'in sai ta kawo shi kamar jiya."

"Ashe dai mai hankali ce. Ta zauna."

Ya karkaɗe gwiwa ya kunna talabijin. Aka ɗan jima ana kallon wani zobe yana juyawa, Kaka ta ce ga shi nan ta faɗa, kayan ragwaye sai ragwaye. Sai ga ƙananan hotuna sun jeru reras. Ga ranar da baban jikan ya gama makaranta, hula ta fi ƙarfin kansa. Ga ranar da aka kawo tsohuwar motar nan da ba ta tashi sai an tura. Ga yara a bakin famfo, waɗanda yanzu duk sun yi furfura sun watse garuruwa, sai dai a ji su a waya. Gidan ya taɓa cika har tana korar mutane don ta sami wurin sa ƙafa, yanzu kuwa agogon bango ne kawai ke taya ta hira.

"Wanne za a sa wa amarya?"

"Kowanne. Ni kaina nake son gani, lokacin da nake tashe, don ka san alfarma na yi maka."

"Akwai wani na shanya. Ba komai a ciki sai bayan wata mata da igiya."

"Sa shi," ta ce, da sauri fiye da yadda ta so. Sai ta gyara murya. "Zanen da na ɗaura nake son gani. An daina irinsa."

"Zane ko?"

"Zane."

Ya zauna a hannun kujera yana jujjuya rimot, bai danna ba.

"Kin san wannan kaset ɗin ya ba ni mamaki. Daga farko har ƙarshe garau, sai wuri ɗaya tak ya cinye kamar an goge shi da dutse."

"Ɓera ne."

"Ɓera?"

"Sun dame mu a shekarun nan."

"Ɓeran ya buɗe kaset, ya wuce farko, ya wuce tsakiya, ya nemo daidai inda wani mutum yake magana, ya ci nan kaɗai, ya mayar ya rufe?"

"Ɓerayen gidan nan sun fi ka karatu."

"Har sun iya danna mayarwa baya."

"Za ka sa ko in kira mai kwasar shara ya sa min?"

"Dakata tukuna, a yi maganar gaskiya. Wato ni, mijinki na yanzu, in sha ƙura, in fasa gwiwa, don in kawo miki tsohon miji har cikin ɗaki? Wane namiji aka taɓa yi wa haka?"

"Wa ya ce maka shi nake nema? Mutumin da ya cika min gida da tari da ƙarar rediyo? Allah ya ji ƙansa, amma ni na huta."

"Amin. To tunda kin huta, bari in sa na motar."

"Taɓa ka gani."

Ya tashi yana ƙunshe dariya, ya ɗauko wata 'yar sifika daga kwalin, ya ɗora a kan kantar da ke bayan kujerarta.

"Ta talabijin ba ta da ƙarfi, ke kuma kunne ya yi nauyi."

"Kunnena abin da ya ga dama yake ji. Naka surutun ne bai ga dama ba."

Ya danna.

Tsakar gida ta fito, da hasken safiya, da igiya daga bango zuwa bango. Wata mata gajera ta ba da baya, ta sunkuya kan bokiti, hoton na ɗan rawa don mai riƙe kyamarar bai taɓa iya tsayar da hannu ba. Kaka ta san komai a jere. Za ta matse wando ta shanya. Za ta ture wani yaro da ya zo wucewa. Sannan ta ɗauko farar riga, kuma daga farar rigar nan ne yayyafi ke saukowa ya cinye komai. Ta kalli wurin nan ita kaɗai har ta gaji da kuka, amma ba ta shirya jin wannan shuuu ɗin a gaban yaro ba.

"Kashe. Na ga zanen."

"Rimot ya ƙi."

"Na ce ka kashe!"

Matar ta ɗaga farar riga ta yarfa. Yayyafi bai zo ba. Daga bayan kujera, dab da kunnenta, wata murya mai ɗan kauri, da dariya a ƙarƙashinta, ta ce:

"Uwar rigima, juyo mana in gan ki."

Kaka ta juya. Ba ta yi shawara da kowa ba, wuyan ne ya tafi da kansa. Kantar nan ce kawai a wurin, da labule, da 'yar sifika. A talabijin kuwa matar ko waiwaye ba ta yi ba, hannu ta kaɗa ta baya ta ce ya ƙyale ta aiki take yi, mutumin ya fashe da dariya har hoton ya karkace ya nuna sama. Wannan dariyar Kaka ta manta da ita ɗungum, don ita ta fara cinyewa a kaset ɗinta. Ta yi kewarsa a lokacin nan kamar yau aka fita da shi.

Jikan ya tsayar da hoton, ya sunkuya yana naɗe wata waya da ba ta bukatar naɗi. Ya daɗe yana naɗe ta.

"Wannan da kika gani na Gwaggo ne," ya ce, bai ɗago ba. "Ashe ta kwafi kaset ɗin lokacin da za ta tafi, ta jefa a akwati ba ta taɓa kallo ba. Na sa ta kai aka juye, ta turo min."

Kaka ta goge fuska da bakin mayafi, ta ja hanci, ta nemo muryar faɗa da ƙyar.

"'Yar banza. Ubanta guda ta kulle a akwati."

"Tsohuwa."

"Mene?"

"Kin juyo fa."

"Wuyana ne ya ƙage."

"Shi yana ta roƙo a can ba ki juyo ba."

"Wanki nake yi! Rigarsa ce ma a hannuna." Ta dubi bayan matar da ke tsaye cak a talabijin. "Ina na san zai ƙare? Na ɗauka gobe ma zai sake cewa."

Yaron ya ajiye wayar da yake naɗewa.

"Kai," ta ce can. "Ita wannan sabar taka. In an yi ta maimaitawa, cinyewa take?"

"Ko ki wuni kina maimaitawa ba abin da zai same ta. Kuma akwai kwafi a wurina, akwai a wurin Gwaggo."

"To ba ɓera ba ne."

"Na sani, ai na ga ɓeran. Gajere ne, yana da ciwon gwiwa."

Dariya ta ƙwace mata, ta haɗu da hawaye, ta kai masa duka da ƙyallen adon ya goce. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro wani ɗan makulli ta jefa masa.

"Buɗe durowar ƙasa a ɗakin ciki. Kyamararsa na nan cikin jakarta, ban taɓa bari kowa ya taɓa ba. Ɗauki, ka ci."

Ya tsaya riƙe da makullin.

"Sallamata ke nan?"

"Sallamarka ke nan. Mijina ya dawo."

"Ni kuma matsayina fa?"

"Kai ne mai gyaran saba. Miƙo min abin dannawar nan, nuna min inda ake mayarwa baya."

Ya ɗora babban yatsanta a kan maɓallin. Ta riƙe rimot da hannu biyu, ta gyara zama.

"To ja mana ƙofa," ta ce, "manya za su yi magana."