Ranar da na yi wa motar Abban Nana alayimen

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, 'yar ƙarama ce ma: ƙwal, a gindin bahon wanki. Noti ne ya faɗo daga aljihun tsohon wandon da mijina, Abban Nana, yake sawa in zai shiga ƙarƙashin mota. Da na bar shi cikin bahon, da yau ba ni da wannan labarin.

Shekarun da aka fara shari'ar Musulunci ne, wayar hannu ba ta kai kowane gida ba. Shi yana aiki a Fatakwal, ni da 'yarmu Nana muna Daura, a gidan da ko cokali ya faɗi sai na juya in ga ko baƙo muka yi. Sai ƙarshen wata yake zuwa, wani watan ma shiru. In ya zo kuma, ga jar motar nan tasa mai kujera biyu, wadda cikinta ya kusa shafar ƙasa. Bai yarda wani bakanike ya taɓa ta ba. Zai ci abinci, ya tambayi lafiyarmu, daga nan sai gareji. Abin da nake samu na mijina tafin ƙafa ne, yana leƙowa daga ƙarƙashin mota (Allah ya yafe mini, na san tafin ƙafar nan kamar karatun sallah).

A zuwansa na baya ya canza wa motar shokozoba, ya ce saura alayimen, wato daidaita tayoyin gaba su kalli hanya sak. Ya hau da ita kan katakai, ya ari zaren saƙata ya ɗaure a jikin bulo, ɗaya gaba ɗaya baya, zaren ya miƙe a kowane gefen motar. Yana gwadawa da tef ɗin ɗinkina, yana murɗa wani dogon ƙarfe a bayan taya. Ni ina bakin ƙofa riƙe da shayinsa da ya huce, ina kallo. Lokaci ya ƙure masa, ya ce, "Maman Nana, a bar shi haka, in na dawo zan ƙarasa."

To, notin nan na kai gareji in ajiye cikin kayan aikinsa. Na tsaya ina kallon tayar hagu, ta karkace daga zaren sosai. Sai zuciyata ta ce: wannan ne fa zai cinye miki Asabar da Lahadi. In ya tarar an gama, ai dole ya zauna a tsakar gida, ya sha shayi da zafinsa, ya ji labarin haƙorin Nana da ya fita.

Na shimfiɗa tsohuwar tabarma, na ɗaure hijabi a ƙugu, na yi bisimillah na kwanta. Na sa sifana inda na ga yana sawa, na murɗa. Tayar ta motsa. Wallahi sai da na ji kamar na ci jarrabawa. Na yi ta murɗawa ina gwadawa da tef har hagu da dama duk suka yi daidai da zare.

Abin da ban tuna ba shi ne shara. Ni ba na iya ganin ƙasa a gindin abu in wuce. Tun tafiyarsa kullum sai na ɗaga bulullukan nan na share ƙarƙashinsu, in mayar da su inda nake ganin nan ne wurinsu. Ashe zaren ya daɗe da barin inda ya sa shi. A kan karkataccen zare na daidaita tayoyin bawan Allah.

Ya iso ran Asabar da hantsi, ana shirin ɗaurin auren ƙanwarsa. Ya leƙa gareji a gurguje, ya duƙa ya dubi zaren, ya ce, "Ikon Allah, ashe na gama ban sani ba." Na yi murmushi cikin mayafi. Har ya ce mu shiga ya kai mu. Na ɗora Nana a cinya, karon farko ke nan da na zauna a gefensa cikin motar.

Tun daga bakin layi ta fara ja hagu, tayoyi suna kuka kamar ana jan akuya kasuwa. Ya karkata sitiyari yana kokawa da ita, yana cewa, "Me ya samu yarinyar nan?" Mun shigo lungun gidan iyayensa, maza cike kan tabarmi, ya saki hannu ɗaya zai ɗaga musu gaisuwa, sai tayar gaba ta zarce cikin kwata.

Samari suka taso suka ciccibe ta. Abokansa suka samu abin yi. Wani ya ce, "Injiniya, wannan ce wadda ka ce babu bakaniken da ya isa ya taɓa?" Wani ya duƙa ya ce, "Ai tayoyin ma ba sa ga maciji da juna." Na dubi fuskarsa, na ga yadda yake dariyar dole. Ban iya jurewa ba. Na sauke gilashi, a gaban surukaina maza, ni da ko sunansa ba na faɗa a gabansu, na ce, "Ba shi ba ne. Ni na murɗa."

Kawunsa, dattijo mai carbi, ya matso ya ce a hankali, "'Yata, me kika murɗa?"

Na ce, "Alayimen, Kawu."

Kafin in kai ɗakin amarya labari ya riga ni. Surukata Inna ta kama hannuna ta juya, ga baƙin mai a gefen farce, ƙunshi bai ɓoye shi ba. Ta ce, "Ku ba bakanikenmu wuri ta zauna." Har yau in an haɗu a biki akwai masu tambayata ko ina duba babur.

A gida bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni dalili, na ce na ga kamar zan rage masa aiki. Dogon ƙarfen nan na bayan taya ya lanƙwashe a kwata, sai da aka nemo wani daga Kano, dole ya aika wurin aiki ya ƙara kwanaki. Ya koma ƙarƙashin mota, amma wannan karon ya ce tunda na iya, in zauna in riƙa miƙo masa sifana. A nan ya ji labarin haƙorin Nana, daga kwance.

Na dai koyi cewa in mace tana kewar mijinta, baki aka ba ta ta faɗa, ba sifana ba. Kuma ba kowane bulo ake share ƙarƙashinsa ba.

Ranar da ya tafi, muna tsaye a zaure har ƙarar babur ɗin da ya ɗauke shi ta ɓace, Nana ta ja mini hijabi ta yi ƙasa da murya.

"Umma, in ya kusa dawowa ki ƙara ɓata ta. Ni zan riƙe miki zaren."