Jatau da Kujerar Hadiza Uku

A Gidan Kurna akwai wani masinjan firamare, Musa, wanda kowa ke kira Jatau. Gidansa mutum uku ne: shi, da matarsa Kande, da 'yarsu Dije. Hankalin gidan kaf Allah ya tattara ya bai wa Dije, shi kuwa Jatau aka bar masa biyayya. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Dije na aji shida, kuma burin Jatau a duniya bai wuce ta zauna jarrabawar shiga sakandare ba. Sai dai a bana an ce ba za a kai sunaye a takarda ba. Kwamfutar makaranta ce za ta miƙa sunaye da jadawalin darussa ga manhajar ofishin ilimi, wai don a huta da kuskuren ɗan Adam.

Wata rana hedimasta, Malam Inusa, ya ce, "Jatau, ka tsare kwamfutar nan. Kada kowa ya taɓa ta." Jatau ya ɗauko gora ya zauna a bakin ƙofa. Da hantsi sai ga injiniya daga birni ya zo haɗa manhajar makaranta da ta ofis. Jatau ya gitta gora. Aka kira hedimasta, shi ma aka gitta masa.

"Ni ne fa na sa ka."

"Ranka ya daɗe, cewa ka yi kowa."

Sai azahar aka lallashe shi, injiniya ya yi aikin yini guda cikin rabin awa ya kama hanya.

Wata rana kuma jadawali ya dawo daga ofis, fes, an buga shi da launi. Malam Inusa ya manna shi a bango yana ta fahariya. "Daga yau ka buga ƙararrawa yadda na'ura ta ce, ba yadda ranka ya so ba." To, a wajen miƙa bayanan, darussan Talata sun zame sun faɗa Lahadi. Ranar Talata Jatau ya buga tashi tun ƙarfe tara, yara suka watse da murna. Ranar Lahadi ya zo shi kaɗai, yana dukan tsohon ƙarfen motar da ke zaman ƙararrawa duk bayan minti arba'in, awaki na kallonsa.

Kande ta biyo sawunsa ta ce, "Malam, wa kake bugawa?"

"Lissafi ne yanzu. Ki yi shiru."

Wata rana, ranar da za a rufe rajista, jami'a ta zo daga ofis ɗaukar hoton masu jarrabawa. Hedimasta ya miƙa wa Jatau jerin sunayen da manhajar ta fitar. "Kowane suna kujera ɗaya. Ka zaunar da kowa a kan sunansa." Wani malami na kira, Jatau na zaunarwa. Da aka ce Hadiza Musa, yara uku suka tashi, har da Dije, don sunanta na takarda ke nan. Jatau ya dubi kujera, ya dubi yaran. Bai tambayi kowa ba ya ɗora ɗaya kan cinyar ɗaya, Dije a sama. Kujera ta yi ƙara ta baje.

Malam Inusa ya taso zai ci mutuncinsa, jami'ar ta ce ya dakata. Ta buɗe tsohuwar rajista. Ashe malamin da ya ɗauki yaran a aji ɗaya, don gudun wahalar tambayar iyaye, ɗaya ga Janairu ya rubuta wa kowa a matsayin ranar haihuwa. Manhajar ofis ta ga suna ɗaya, rana ɗaya, ta ce maimaici ne, ta goge biyu ta bar ɗaya. Dije na cikin waɗanda aka goge. Ashe ba su kaɗai abin ya shafa ba. Aka ƙirga kawuna: hamsin da uku a tsakar makaranta, arba'in da bakwai a na'ura. Kafin la'asar aka mayar da shidan. Malam Inusa ya shaida wa jami'ar cewa dama tun farko shi bai yarda da jerin ba.

Da yamma Dije ta kawo takarda mai hotonta da lambarta ita kaɗai. Jatau ya riƙe ta da hannu biyu, a juye, murna ta cika shi har idonsa ya kawo ruwa.

Kande ta ce, "Malam, yau kam ka yi hankali."

Jatau ya tsorata, ya waiga. "Ki rufa mini asiri. Ba wanda ya ce in yi."