Yadda Na Kankare Bizata da Dutsen Goge Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wani mutumin Kolombiya ya riƙe hannuna a gaban rabin samarin Haɗejiya ba. Ko na yi niyyar mantawa ma, 'yan majalisarmu sun ɗauki aikin tuna mini kyauta, kuma ba sa zuwa hutu.

Ni manomi ne ɗan manomi. Ina da fili a fadama, a bakin kogi ta hanyar Kirikasamma, gadon mahaifinmu. Da damina in yi shinkafa, da rani in yi tattasai da albasa, da shi nake ci da gidana. Tun ina ƙarami nake riƙe fartanya, don haka tafin hannuna ya yi kantar da nakan sauke tukunya daga murhu ba tsumma. Matsalata ɗaya ce: na ɗan taɓa sakandare, na iya Turanci na gaisuwa, sai kaina ya kumbura, na riƙa jin kunyar hannun nan. A wajen ɗaurin aure ma 'yan yatsu nake miƙa wa mutane.

A shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa ne labari ya shigo gari cewa wani kamfanin gona a Turai yana neman ma'aikata. Bizar aiki ce ta wucin gadi: ka je lokacin girbi, ka yi 'yan watanni kana tsinkar tumatir da tattasai, ka dawo gida. An ce 'yan Kolombiya ne suka saba zuwa musu, bana ba su isa ba, shi ne za a turo mutum ya zaɓi wasu daga yankinmu. Har bidiyo aka riƙa turawa a waya, ga 'yan Kolombiyan nan a filin jirgi, kowa da rigar sanyi mai kyau da baƙin gilashi, yana jan akwati.

Da na yi hankali, da mutumin da ya san noma na je na tambaya. Sai na tafi wajen Sabitu. Sabitu abokina ne na majalisa, ya taɓa zuwa Jidda ya ƙi dawowa, aka kamo shi aka sako shi a jirgi da silifas ɗaya. Tun daga ranar ya zama masanin harkar ƙasashen waje na unguwarmu (har mutane ke kai masa fasfo ya duba, don Allah ku ji). Ya kama hannuna ya juya, ya yi tsaki.

"Da wannan za ka je gaban Bature? Wallahi yana gani zai ce cuta ce. Su fa ba sa son wahalalle. Kalli bidiyon nan da kyau, ka ga mai fartanya a cikinsu?"

Na kalla, ban gani ba. Ko a raina ban kawo cewa babu mai zuwa filin jirgi da fartanya ba.

"Ka gyara hannun nan," in ji shi. "In an tambaye ka kuma, kada ka kuskura ka ce noma kake yi. Ka ce kai manaja ne, sa ido kawai kake yi."

Daga ranar na shiga aiki, kuma ban taɓa yi wa gonata hidimar da na yi wa hannun nan ba. In jiƙa shi a ruwan ɗumi da lemon tsami, in kama shi da dutsen goge ƙafa kamar ina wanke tukunyar biki, in lafta man kaɗanya, in zura safa in kwanta. Da na ga kantar ta yi taurin kai, sai na sa matata Zainabu ta karɓo mini dilka wajen Ya Falmata, maƙwabciyarmu mai gyaran amare. Zainabu ta tsaya ta dube ni, ta dubi hannuwana a cikin safa.

"Baban Ummi, wai aikin gona za ka tafi ko kai za a kai ɗaki?"

Na ce mata harkar waje ce, ba za ta gane ba. Ta ce haka ne, ta karɓo. Na ja kunnenta kada ta faɗi mai shafawa, ita ma ta ja kunnen Ya Falmata, Ya Falmata kuma ta ja kunnen duk macen da ta shiga gidanta a watan nan. Tunda na fara, sai na haɗa har da ƙafa, na kankare kaushi da faso tas, wai ko za a ce a cire takalmi a gwaji.

To ga inda abin ya daina zama abin dariya. Ruwa ya janye daga fadama, lokacin dashen tattasai ya yi, ni kuma ba halin in taɓa fartanya, kada aikin wata guda ya lalace. Sai na yanke shawarar ba wa yayana, Yaya Bukar, aron filin da injin ban ruwan, ya noma wannan ranin. A wajenmu kuwa in ka ba da aron gona mutum ya sa shuka, magana ta ƙare, ba ka da ko ganye a ciki sai ya girbe. Yaya Bukar da kansa ya ba ni ƙofar fita.

"Ka bari a buga maka bizar nan tukuna. Ko ka raba filin, ka riƙe rabi."

"Yaya," na ce, a gaban mai unguwa da shaidu, "ni da fadama sai dai in zo ziyara."

Har yau in na tuna yadda na faɗi kalmar ziyarar nan, ina gyara hula, sai in ji kamar in mari kaina. Daga nan na bi dangi gida gida ina sallama. Gwaggona ta Miga har kuka ta yi, ta ƙulla mini kuka da daddawa, wai an ce can ba su da miya.

Ranar zaɓe aka tara mu a babban ɗakin taro na wata makaranta. Na ari kwat a wajen wani malamin firamare, hannunta ya tsaya mini a gwiwar hannu, na sa baƙin gilashi irin na bidiyo, ga ƙamshin dilka yana riga ni shiga wuri. Na tarar da layi cike da mutanen da muke noma tare, wasu daga gona suka zarto, taɓo har ƙwauri. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na ji tausayinsu ya kama ni. Har na matsa gefe kada wani ya goga mini ƙasa a kwat. Waɗanda ba su samu shiga ba suka cika tagogi, Sabitu a gaba, yana ɗaga mini babban yatsa.

Na zaci wani dogon Bature zan gani a bayan tebur da tulin takardu. Sai ga wani gajeren mutum, rana ta gasa shi ya yi jajir, da hular hana sallah da takalmin gona. Tafintan da ke tare da shi, wani Bakano mai murya kamar ta sanƙira, ya yi mana bayani: mutumin nan ɗan Kolombiya ne, da irin wannan bizar ya fara zuwa tsinkar tumatir shekara da shekaru, har ya zama shugaban leburori. Bai zauna ba ma. Bin layi yake yi, ya gaisa da mutum, ya juya tafin hannunsa, ya murza da babban yatsa, ya nuna dama ko hagu. Ke nan. Masu taɓo duk dama suke tafiya.

A nan ne na gane kantar ake nema. Amma ka san mutum in ya yi wata guda yana haddace wauta, ba ya iya fasa ta a minti ɗaya. Yana isowa gabana, tun kafin ya miƙo hannu, bakina ya saki karatun Sabitu da Turancina na sakandare: ni manaja ne, ina da ma'aikata, sa ido nake yi, ban taɓa riƙe fartanya ba. Tafinta kuma, Allah ya saka masa, ya mayar da shi Hausa da ƙarfi don kowa ya amfana.

"Ya ce shi manaja ne! Bai taɓa riƙe fartanya ba!"

Wani daga baya ya ce, "Ikon Allah."

Mutumin ya kama hannuna. Nasa kamar ɓawon kuka, irin nawa sak na wata guda da ya wuce. Ya juya tafina, ya murza, yatsansa ya zame. Ya sake murzawa. Sai ya ɗaga hannun nawa ya kai hanci ya shinshina, ya yi murmushi, ya faɗa wa tafinta wata magana. Na roƙi Allah a raina ya sa Bakanon nan ya shaƙe. Bai shaƙe ba.

"Ya ce don Allah wane mai kake shafawa? Yana so ya saya wa matarsa tsaraba!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Har tagogi suka ɗauka. Wata murya daga waje ta ce, "Dilkar Ya Falmata ce, a rubuta masa!" Mutumin ya nuna mini hagu cikin ladabi, ya wuce na gaba.

Mai hankali da ya fita shiru. Ni kuwa sai na bi shi ina rantsuwa, na watsar da Turancin na koma Hausa: wallahi manomi ne ni, a tambayi kowa, babu wanda ya kai ni saurin dashe a ɗakin nan. Tafinta ya ce, "Malam, yanzu fa ka ce manaja ne kai." Na ce a duba ƙafata. Na zauna a ƙasa da kwat ɗin aro, na fizge takalmi da safa, na ɗaga dunduniya sama a gaban jama'a. Sai da ta kai sama na tuna ita ma na kankare ta. Tana ta sheƙi. Na juya wajen abokan nomana in nemi shaida, wani Habu da muka yi iyaka da shi a fadama ya ce, "A'a, mu ba mu san ka ba, ranka ya daɗe. Mu leburori ne." Shi ne wanda na matsa wa gefe saboda taɓo, don haka ban ga laifinsa ba. Na waiga taga, babu Sabitu babu dalilinsa.

Da na same shi washegari a majalisa, ko kunya babu, cewa ya yi ai wannan ba Baturen asali ba ne, shi ya sa. Kuma har yanzu ana kai masa fasfo.

Kunya dai ba ta hana tukunya neman abin dafawa. Bayan 'yan kwanaki na lallaɓa wajen Yaya Bukar. Tattasai ya riga ya kama ƙasa, kore shar, a filina. Bai yi mini dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya ce, "Ka san ƙa'ida, da bakinka ka faɗa gaban mai unguwa. Amma ina neman masu cire ciyawa. In ziyarar ta ƙare, ga fartanya can."

Haka na yi ranin nan ina ƙwadago a gonar ubana. Ranar farko kafin azahar tafina duka biyu suka ɗuri ruwa, suka fashe, na dawo gida ko loma ba na iya yi. Zainabu ta ɗaure mini su da tsumma, ta ba ni tuwo da cokali, sannan ta ajiye sauran dilkar a gabana ta ce ko in ƙarasa, kada a yi asara. Da aka yi girbi, motoci suka kwashe tattasai zuwa kasuwa, Yaya Bukar ya aiko mini da kwano ɗaya, wai a sa a miya. Na ci, kuma ban taɓa cin tattasai mai yaji irinsa ba.

Su Habu sun je sun dawo, wasu sun sake komawa. Ni kuwa sunana a unguwa ya zama Amaryar Kolombiya, har yara da ba su san mafarin ba suna gaishe ni da shi cikin girmamawa. Filina ya dawo hannuna, kantar ma ta dawo, har ta fi ta da kauri. Mutumin dai bai sake zuwa Haɗejiya ba.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka kai kanka kasuwa, ka fara tambayar me ake saye kafin ka kama gyara, kuma kada ka tambayi wanda aka sako a jirgi da silifas ɗaya. Yanzu a wajen ɗaurin aure hannu nake miƙawa gaba ɗaya, in matse na mutum har sai ya yamutsa fuska. Abu ɗaya tak da duniya ta taɓa nema a wajena ke nan, kuma ni da kaina na zauna na goge shi da dutse.