Ranar da na sato akuyar Inna Maimu

Ba zan taɓa mantawa da jar akuyar nan ba, ko da na so in manta, mutanen Tanut ba za su bar ni ba.

Aikina shi ne kula da samarin da jastis, wato kotu, ta ɗora wa aikin gyaran gari maimakon gidan kaso. Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato boko, an dai ga ina da murya da gemu, aka ce zan iya. Da safe mu share bakin asibiti ko mu kwashe rairayin da ya rufe hanya, da yamma kowa ya kula da akuyarsa. Ƙungiyarmu ta ba kowane yaro akuya guda ta habbanaye, wato aro irin na Fulani: ka kiwata ta, in ta haihu ɗiyan naka ne, uwar ta wuce ga wani. Rabin yaran nan satar dabba ce ta kawo su (kar ku tambaye ni wa ya yi tunanin ba su awaki), kuma alƙalin yara ya faɗa da bakinsa: duk wanda tasa ta ɓata, kaso zai koma.

Ranar da alƙalin zai kawo mana ziyara na sa babbar rigata ta Juma'a, na naɗa rawani, na shiga garke ina taƙama. Sai na ga turken Ilu babu kowa. Ilu ɗan wajen Gangara ne, shiru-shiru, rago ya taɓa ɗauka a kasuwa.

"Ina akuyarka?"

"Kawu, ai tun jiya da na ga..."

"Rufe mini baki! Ka sayar ko?"

Ban tsaya jin amsa ba. A zuciyata na riga na yanke masa hukunci, amma ba na son a mayar da shi kaso (gaskiyar magana kuma, ba na son a ce garken Kawu ya yi giɓi). Na hau babur na bazama cikin gari.

Can bayan mahauta sai ga jar akuya tana cin kwali hankalinta kwance. Ja ce, tamu ma ja ce. Kunnenta da yanka, tamu ma da yanka. Zuciyata ta ce mini, "Duba dai wane kunne." Na ce mata ta yi shiru, rana na yi.

Jama'a, kama akuya da babbar riga ba wasa ba ne. Na bi ta, ta zagaya bola, na zagaya. Na faɗi sau nawa, Allah ne masani. Da na samu ƙafarta ta baya sai ta ɓarke da ihu kamar ana yanka ta. Don kar gari ya ji cewa akuyarmu ta ɓata, na warware rawanina na ɗaure mata baki, na kwantar da ita a kan tankin babur, na lulluɓe ta da riga, na biyo lungu. A lokacin wallahi ina ganin dabara ce irin ta manya.

Ina sauke ta yaran suka kewaye ni. Akwai wani Sanda a cikinsu, bakinsa ba ya hutawa. Ya duba ɗaurin rawanin, ya kaɗa kai cike da girmamawa.

"Kawu, wa ya koya maka? Ni sai da na shekara a harkar kafin in iya wannan ɗaurin."

Ilu ya ce, "Kawu, ba ita ba ce. Tawa ciki gare ta."

Na ce, "To ta haihu a hanya! Ɗaure ta."

Ya ɗaure ta, don ni ne babba.

Alƙali ya iso da hantsi, mutum mai fara'a. Na jera yara, na jera awaki, na buɗe baki na yi jawabin da ban taɓa yin irinsa ba. Na ce a wannan garke mun kashe sata mun binne ta. Na ce yaron da ya biyo ta hannuna, ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya. Har da buga ƙirji.

Ina tsakiyar bugun ƙirjin aka banko ƙofar langa-langa. Inna Maimu ce mai ƙosai ta bayan mahauta, mayafi a ɗaure a ƙugu, ɗan akuya ɗaya a kowace hammata. Ba ta ce wa kowa sannu ba. Ta dire su ƙasa. 'Yan banzan nan suka ruga da gudu, suka wuce awaki duka, suka durƙusa ƙarƙashin wadda na kawo suna tsotso suna kaɗa wutsiya. Ita ma ja'irar ta shiga lasar su.

Sai tsut-tsut ɗin shan nono kake ji.

"Sawun babur na biyo har nan," in ji Inna. "Gidan ɓarayi! Wa ke da turken nan?"

Alƙali ya daina murmushi. Ya dubi turke, ya dubi Ilu. "Kai ne ko?"

A nan ne na yi abin da na fi jin kunyarsa. Na yi shiru. Ba daɗewa na yi ba, amma na yi. Shaiɗan ya raɗa mini cewa yaro ya saba da kaso, ni kuwa ina da surukai a garin nan. Ilu ya ɗago ido ya dube ni, ya sake sunkuyar da kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na... kawo ta."

Sanda ya ce, "A cikin riga, ranka ya daɗe. Baki a ɗaure. Aiki mai tsabta."

Inna ta kama haɓa. "Kai? Da gemun naka? Kai da kake sayen ƙosai wurina kana neman gyara?"

Alƙali ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya samu kansa sai ya tambayi Ilu inda tasa take. Ilu ya ce tun jiya ya ga haihuwa ta matso, ya kai ta tsohon ɗakin da ke bayan garke don kar sauran su tattake ta, abin da yake son faɗa mini ke nan da safe. Muka ɗunguma gaba ɗaya. Ga ta nan kwance a inuwa, da 'yarta jiƙe sharkaf tana koyon tsayuwa. Ko taku ashirin babu daga inda na tsaya ina zaginsa.

Inna ta ce ta yafe kai ƙara wurin jandarma, amma ba ta yafe gudun da na sa akuyarta ba. Alƙali ya ce shi ba ya shari'a a garke, sai dai a ganinsa wanda ya ɗauki dabbar mutane an san irin aikin da ake ba shi a Tanut. Haka na yi mako ina share garken Inna Maimu ina ɗebo wa awakinta ruwa, Ilu na zaune a kan turmi yana duba aikina.

"Kawu, ga wani wurin can ka bari."

Na nemi gafararsa a gaban sauran. Ya ce ba komai, amma in ƙara sauri. Bai koma kaso ba, ya gama wa'adinsa, ya tafi Gangara da 'yar akuyarsa a kafaɗa.

Tun daga lokacin, in yaro ya ce "Kawu, ai...", ina barin sa ya kai aya, ko da kuwa ina da yaƙinin ƙarya zai yi. Sauraron ƙarya bai taɓa sa ni kwasar kashin awaki ba.