Yadda Za Ka Mai da Mataccen Karenka Jarumi

Karenka ya mutu, kuma duk tsawon rayuwarsa bai tsinana komai ba sai ci da barci? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan. Na yi maka alkawari, kafin ciyawa ta tsiro inda aka binne shi, mutanen layinku za su rantse zaki kake kiwo. A wajen maƙwabcina mai walda na ga wannan dabara, wanda karensa Janar ya tsufa a ƙofar gidansa har gashin bakinsa ya yi fari.

Mataki na ɗaya: Kada a ga hawayenka

Ran da aka kai wa Janar abinci ya ƙi ɗagowa, aka taɓa shi aka ji ya sandare, mai walda da kansa ya ɗauki shebur ya zagaya bayan katanga. Ya daɗe a can. Da ya dawo idanunsa sun yi jawur, matarsa ta ce, "Baban yara, kuka ka yi?"

Ya ce, "Wane irin kuka? Hasken walda ne."

Ran nan ko shago bai buɗe ba. Kai ma tanadi uzuri daidai da sana'arka. In kai tela ne, ce zare ya shiga.

Mataki na biyu: Gyara tarihi

Maganar gaskiya, Janar ko agwagwa tsoronta yake ji. Da ɓarawo ya tsallako ya ɗauke tayar babur, har bakin ƙofa ya raka shi yana kaɗa jela. Duk wannan share shi. Fara da kaɗan: ɓarawo ɗaya, an yaga masa wando. In ba wanda ya musa, washegari su zama uku, ɗaya da adda. Mai walda bai tsaya ba sai da ya kai ga kura. Kada ka ji ɗar, marigayin ba zai tashi ya ƙaryata ka ba.

Mataki na uku: Tarbi sabon da ɗaurarriyar fuska

Dole wani mai tausayi ya kawo maka kwikwiyo. Shi mai walda, babbar 'yarsa ce, malamar asibiti, ta shigo da kwali a hannu. Ga abu ɗan mitsitsi, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance.

Ta ce, "Baba, gidan ya yi shiru, kai ma ka yi shiru."

Ya leƙa kwalin ya ce, "Wannan kare ne, ko ɓera ya samu ƙoshi? Mayar da shi."

"Ni aiki zan koma, Baba. In ba ka so, ka ba wani da hannunka."

Ta fice. Lura da kyau: bai taɓa shi ba. Taɓawa ce ke kayar da maza.

Mataki na huɗu: Yi hattara da shaidu

Duk abin da kwikwiyon ya yi, kawo zancen Janar. Da ya tauna masa silifa, mai walda ya ɗaga ta sama ya ce, "A zamanin Janar ba a taɓa wannan rashin kunya ba."

Matarsa tana wanke-wanke ta ce, "Shi da ya cinye maka takalmin zuwa biki, ka tafi da na ƙanenka?"

Kada ka amsa. Yi tari, ka tambayi ina aka ajiye makullin babur. Matar gida ita ce babbar barazana ga wannan aiki, don ba ta mantuwa.

Mataki na biyar: Rabu da shi tun da wuri

A nan maƙwabcina ya zame, shi ya sa nake jan kunnenka. Ya ɗaura kwalin a bayan babur ya tafi shago, da niyyar duk wanda ya fara tambaya ya ba shi. Ya tsuguna, ya kunna injin gurza ƙarfe. Ƙarar na tashi, kwikwiyon ya dire daga kwali, ya cusa kai a ƙarƙashin hammatarsa yana karkarwa. Mai walda ya ji 'yar zuciyar tana bugawa a haƙarƙarinsa. Ya kashe injin. Bai sake kunnawa ba.

Ana haka mai gidan burodi ya zo karɓar ƙofarsa. Ya hango kwikwiyon ya ce, "Oga, ba ni shi mana, dama mai gadi nake nema."

Mai walda ya ce, "Ba za ka iya da shi ba."

"Wannan ɗan abin?"

"Kai dai ba ka sani ba. Jiya akuya ta leƙo gidan, da ƙyar muka ƙwace ta a bakinsa."

Da yamma ya koma gida da shi a cikin riga, kunne ɗaya ya leƙo ta wuya. Ya ce wa matarsa, "Ba wanda ya tanka. Kuma daga yau sunansa Kofur."

Ta ce, "Kofur kawai?"

Ya ce, "Sai ya yi aiki tukuna a ƙara masa girma."

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a duk silifar da aka tauna, ko tabarmar da aka jiƙa. In kuma an kama ka a tsugune kana fifita wa kwikwiyo madara don ta huce, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba.