Gaurakan Da Ya Sa Na Saki Igiyar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina so, don mutanen Dangoma ba za su bari ba. Maganar wata safiyar Asabar ce da na yi gadin shinkafar surukina a fadamar Kalgo, lokacin ana shirin sa mana ranar aure ni da Luba.

Ni malamin makaranta ne a Gwandu, kuma ina da wata lalura da 'yan uwana suka gaji da yi mini addu'a a kanta, wato kallon tsuntsaye. Ba harbi, ba tarko, kallo kawai. (Mahaifiyata ta taɓa tambayata ko in na gama kallon ana samun na miya.) Mu 'yan kaɗan ne masu wannan cuta, kuma muna da zaurenmu a waya. Babban aikin zauren shi ne tsegunta wa juna shirye-shirye. Madam Rifkatu, 'yar Zuru da muke koyarwa tare, ita ce mai kula da talabijin: yau tashar kaza za ta nuna hijirar shamuwa, gobe wata za ta maimaita shirin mikiya, kowa ya yi addu'a kada a ɗauke wuta. Malam Bello kuwa, tsohon ma'aikacin gandun daji, shi ne na rediyo. Babu shirin da za a ambaci fiffike a cikinsa bai sanar da mu ba.

Daga waɗannan shirye-shirye na haddace ƙa'idojin kallo kamar karatun allo. Ka sa tufa mai launin ƙasa. Kada ka yi motsi da sauri. Kada ka yi ƙara. In za ka yi magana, ka yi raɗa, irin ta masu ba da labarin nan da ke kwanciya cikin ciyawa suna numfashi a hankali. Har a banɗaki nakan gwada raɗar, kuma a ganina na iya.

Burin kowa a zauren ɗaya ne, ya ga gauraka da idonsa. Malam Bello ya ce a da suna yawo a fadama kamar kaji, yanzu kuwa sai a talabijin. Ni ban taɓa gani ba.

To, mahaifin Luba, wanda muke kira Baba, manomin shinkafa ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda ƙaramar rediyo ba ta barin wuyansa. A ranin shekarar ya ware gefen gonarsa na wajen tsamiya, ya ce abin da ya fito daga nan na kayan ɗakin Luba ne, kuma da an yi girbi za a sa rana. Luba har ta zaɓi sif ɗin da take so a wurin kafinta. Shinkafar ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa kamar madara, daidai lokacin da tsuntsaye jan baki suka fi sonta. Duk fadamar ba mai sakewa. Kowace gona an zagaye ta da igiya, an rataya gwangwanaye masu tsakuwa a ciki, an kawo bakin igiyar kan wata 'yar rumfa mai tsawo. Mai gadi ya zauna a kai tun asuba yana ja, gwangwanaye suna kwaramniya, tsuntsu bai samu wurin sauka ba.

Sai aka yi wa ƙanen Baba haihuwa a Dangoma, suna ya faɗo ranar Asabar, kuma duk mazan gidan za su tafi. Luba ta faɗa mini a waya cewa Baba yana tunanin wanda zai bar wa gona. Ni kuwa, da neman suna wurin surukai, na ce ai ga ni. Ba tsuntsaye ba ne? Duk Gwandu wa ya fi ni saninsu?

Na zo tun Juma'a da yamma, na sauka gidan wani abokina. Baba ya kai ni gona, na durƙusa gefe kaina a ƙasa, ya miƙa mini bakin igiyar.

"Malam, aikin ba shi da wuya," in ji shi. "In kag ga duhu bisa, ja. In ba ka ga komi ba, ja."

Na ce in sha Allahu. A raina har na ɗan ji haushi, a ce mai digiri ake wa bayanin jan igiya.

Da asuba na hau rumfa, da rigata mai launin ƙasa da madubin hangen nesa na zaurenmu, wanda muke karɓa-karɓa. Kuma wallahi da farko na yi aiki. Na ja har tafin hannuna ya yi zafi. 'Yan tsirarun jan baki suka zo suka zagaya, na kwaranya musu gwangwani suka wuce. Na fara tsara yadda zan gaya wa Baba cewa ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba.

Rana ta ɗan ɗago ke nan sai na ji wani kuka daga sama, mai kauri, wanda na sha ji a talabijin. Na ɗaga kai. Ya zo a hankali da dogayen ƙafafunsa a miƙe, ya sauka bakin ruwan da ke gaban gonar, kusa da ni ƙwarai. Baƙin jiki, farin kunci, ga tukkun nan mai ruwan zinariya yana rawa a kansa. Gauraka ne.

Hannuna yana kan igiya. Na san in na ja sau ɗaya ya tafi ke nan, wataƙila har abada. Na san kuma abin da Baba ya ce. Na dubi sama ta gabas, ba duhu. Na ce bari in ba shi ɗan lokaci, ai shinkafa ba za ta gudu ba. Na ɗaure bakin igiyar a ƙafar rumfa a hankali, na juya wa gefen tsamiya baya, na kwanta rubda ciki.

Na rubuta wa zaure: gauraka a gabana, a Kalgo. Nan take Madam Rifkatu ta amsa cewa kada in motsa, kada in yi tari, ko sauro ne ya cije ni in bar shi ya ƙoshi. Malam Bello ya ce yanzu haka ana shirin noma da muhalli na safiyar Asabar, an buɗe layi, in kira maza duk jiha ta ji. (A nan dole in wanke su. Ban gaya musu gadi nake yi ba.)

Ni da na sha kiran shirin nan ba a ɗauka, ranar bugu ɗaya ya shiga. Mai gabatarwa ya tambayi wanda ke magana. Na faɗi sunana, da na mahaifina, da makarantar da nake koyarwa, ban rage komai ba, cikin raɗar nan da na daɗe ina gwadawa. Ya ce in ɗaga murya kaɗan. Na ce ba zai yiwu ba, baƙon yana kusa. Na shiga kwatanta masa tukku da kunci da yadda yake taku kamar mai tsoron ɓata ƙafa. Mutumin ya ji daɗi, ya ce masu sauraro su kasa kunne, ya tambaye ni yadda aka yi tsuntsu mai tsoro haka ya yarda ya sauka a fadamar da ke cike da ƙarar gwangwani.

Nan ne ilimi ya motsa mini.

"Ai sirrin shi ne shiru," na ce. "Gonar surukina ce, ni ke gadi. Tun ɗazu na ɗaure igiyar na daina ja, don kada ya tashi."

Mai gabatarwa ya yi shiru. Ni kuwa na ɗauka mamakin hikimata yake yi.

"Malam," ya ce, muryarsa ta canza, "wannan ƙarar da muke ji a bayanka kamar ruwan sama fa, mece ce?"

Sai a lokacin kunnena ya buɗe. Na juya a hankali, har yanzu ina kiyaye ƙa'idar motsi, don wauta ba ta sakin mutum lokaci ɗaya. Gefen tsamiya babu shi. Wato yana nan, amma ba a ganin kore ko kaɗan. Jan baki sun lulluɓe shi, kowane kan shinkafa ya sunkuya da nauyinsu, wasu kuma suna ta kwararowa daga yamma. Duk gonakin maƙwabta suna kwaramniya, tamu ce kaɗai ta yi tsit, sai suka taru a kanta.

Na cusa wayar a aljihu, na fizgi igiyar da dukkan ƙarfina. Igiyar da aka saba ja da lallami ta tsinke, na yi baya daga kan rumfa na faɗa cikin hanyar ruwa. Na tashi da taɓo har gira, na cire riga ina kaɗawa, ina gudu cikin shinkafa ina ihu. Na zagi jan baki, na zagi iyayensu da kakanninsu. Da na ga in na kore su nan sai su sauka can, sai na ɗora hannu a ka na kurma: "Wayyo Luba, na kashe mu!"

Wayar tana aljihun wandona, kuma ban kashe ba. An ce mai gabatarwa ya ɗan jima kafin ya tuna inda ake yanke layi.

Maƙwabta biyu suka taho da majajjawa suka taya ni, da ƙyar garken ya ɗaga. Suka koma gonakinsu. Na zauna bakin kunya ina haki. Gauraka kam ban ma ga tashinsa ba.

Zaman da na yi bayan nan ya fi gudun wuya. Na riƙa lallashin kaina. Wurin suna ne, ana hayaniya, ana rabon goro, wa zai kunna rediyo? Sai in tuna igiyar rediyon nan a wuyan Baba, da yadda Luba ta taɓa ce mini ba ya wasa da shirin Asabar, don a nan ake faɗin inda jan baki suka nufa. Duk babur ɗin da ya gifta kan hanya sai na miƙe. Na yi tunanin in gudu Gwandu, na yi tunanin in ce igiyar ce ta tsinke tun farko, sai na tuna da bakina na yi wa duk jiha bayani.

Can na hango su, babura a jere, manyan riguna suna kaɗawa. Baba ne a gaba, rediyon tana wuyansa tana ta magana. Bai dube ni ba. Ya naɗe hannun babbar rigarsa ta zuwa suna, ya shiga taɓo da ita, ya nufi gefen tsamiya. Ya riƙa kama kan shinkafa yana murzawa, ƙaiƙayi yana zuba daga tafinsa. Ya yi haka har ƙarshen kunya, 'yan uwansa suna tsaye suna kallona, ni kuma ina durƙushe ba riga. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Ya dawo ya tsaya a kaina.

"Malam, baƙon naka ya tashi?"

"Ya tashi, Baba."

"Ka dai ɗauke shi hoto?"

Ban ɗauka ba. Wayar tana kunnena ina wa jama'a lacca. Na girgiza kai.

"To," in ji shi. "Mu ba shinkafa, kai ba hoto."

Ya sunkuya ya tattara tsinkakkiyar igiyar, ya naɗe ta a gwiwar hannu da gwangwanayenta. Da zai hau babur ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Batun rana, sai kaka." Wato sai an yi girbin damina.

Abin da ya fi ƙona ni sai daga baya na ji shi, daga bakin Luba, bayan ta yi kwanaki ba ta ɗaukar wayata. Ashe a wurin sunan ana zaune kan tabarma ana cin masa, Baba ya ji sunana a rediyo. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da hira, ya ƙara murya har ƙarshe, ya ɗora rediyon a tsakiyar taro, ya ce, "Ku saurara, surukina na." Mutumin da ba ya yabon kowa. Bai kuma rage muryar ba har aka yanke layin. Wannan ne ya sa ni hawaye, ba faɗuwa cikin taɓo ba.

An ɗaura auren bayan kaka, kamar yadda ya ce. Ranar jere aka kawo gado da kujeru da kwanuka, amma babu sif, don jan baki sun cinye shi tun yana gona. A madadinsa ƙanwar Baba ta miƙo mini wani ƙunshi a buhu, ta ce saƙo ne na ango. Na buɗe, igiyar ce, an ƙulle inda ta tsinke, an cire gwangwanayen an bar guda ɗaya.

Da hannuna na buga ƙusa na ɗaura ta a kusurwar ɗaki, Luba ta rataye kayanta a kai. Na sha cewa zan sayo sif, ta ce in bari tukuna, wannan bai gama aikinsa ba. Duk safiya in ta jawo zane sai gwangwanin ya yi kwaram, in farka a firgice ina duban sama.

Har yanzu ina cikin zaure, kuma Madam Rifkatu ba ta fasa turo mana lokutan shirye-shirye ba. Sai dai na lura da wani abu da ba su taɓa faɗa a talabijin ba: duk masu kwanciya cikin ciyawar nan suna raɗa, babu wanda aka bar wa gadin gonar surukinsa. Ni dai yanzu in aka ba ni igiya, ko mikiya ce ta sauko da rawani, ja nake yi.