Hana-Barci Za Ta Jega

"Baba Gado, ka sake ta. Kayan ubana ne."

"Tun ba a san za a haife ka ba yake wana, ciki ɗaya. Kai za ka saki."

Haka na iske su jiya da hantsi a tsakar ɗakina, jama'a. Autana Jibrilla ya riƙe baki, ƙanin mijina Gado ya riƙe gindi, kowa na ja. Abin da suke ja kuwa bindigar toka ce ta marigayi maigidana Tamu maharbi, wadda ya raɗa wa suna Hana-Barci. Na aje ƙwaryar gerona, na ce cikinsu mai riƙe da baki ya fi wauta, don tun kwanciyar Tamu ta ajali take a ɗure. Jibrilla ya saki ba shiri. Gado ya yi baya-baya sai ga shi zaune cikin kwandon wankina, da hularsa ta ɗan kwamiti da komai.

Bari in ɗauko muku daga tushe, kada ku ce Tasalla ta tsufa ta fara zuba. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma kunnena ya yi digiri.

Bana albasa ta karɓi Jibrilla. Ya jibge ta cikin rumfunan kara can gonarmu ta wajen Gumbin Kure, shina jiran kasuwar Aliero ta ɗaga. Ita ce cinmu, ita ce suturarmu har wata shekara. Ana nan sai mutanen nan masu babura sunka ratso da rana tsaka, sunka ɗauke mashi injin ban ruwa, sunka haɗa da shanun su Inno mai kawo muna nono. Anka buga waya ga waɗanda ake kira in ta ɓaci, sunka ce ga su nan tafe. Kuma ba su yi ƙarya ba, Allah ya saka musu, sun zo washegari. Sunka ce da tun jiya sun iso, mai ne babu a motar. Sunka ɗauki hoton sawun babur, sunka sha fura, sunka tambayi Inno ko shanun nata suna da wani abokin gaba. Inno ta ce da ni: "Tasalla, har hoton sun nuna mini. Sawun ya fito da kyau ƙwarai." Ihu bayan hari ma ai sai da mai a tanki.

Tun ranar Jibrilla ya ƙudura sai ya zauna gadin albasarsa da bindigar ubansa. Kuma don Allah yaron ya so bin hanya. Ya tambayi yadda ake samun lasin riƙe bindiga, anka ce sai ya je birni da hoto, da shaidar mutumin kirki, da takardar likita cewa hankalinsa ɗaya. Na ce ya huta. Mutumin da ke noman rani a bakin daji, da wagga tsadar mai, wane likita ne zai sa hannu cewa shina da hankali?

Shi kuwa Gado, nasa ciwon daban. Kwanan baya wani babba ya kawo muna ziyara. Ba ni faɗin sunansa, ni dai Garkuwan Kansa nake ce masa, Allah ya ƙara masa nauyin rawani. Jiniya gaba, jiniya baya, bindigogin da sunka rako shi sun fi kujerun da anka jera muna yawa. Ya tsaya tsakiyarsu ya gaya muna cewa bindiga ba ta maganin komai. Na yarda da shi. Ina jin shi ya sa ya kwaso nasa duka ya fito da su, kada su zauna gida su ɓata masa tarbiyyar yara. Da wannan bakin dai, lokacin da yake neman ƙuri'armu, ya ce kowa ya tashi ya kare kansa. Ban ce ya yi ƙarya ba. Babba ba ya ƙarya, sai dai magana ta juya masa.

A wurin ya kafa kwamitin tattara makamai, anka sa Gado ciki, ya ce duk wanda ya kawo bindiga shina da buhun taki, kuma za a tara su a Jega a cinna musu wuta gaban 'yan jarida. Taki dai har yau ko warinsa ba mu ji ba. Amma na kai wa Surajo maƙeri fartanyata gyara, ya ce in dawo bayan taron Jega, aiki ya yi masa yawa. Na leƙa, sai ga guntayen bututun famfo jere kamar rake. Tunda nake, garinmu bai taɓa yawan bindiga ba irin tun da anka fara karɓe su.

Matsalar Gado ita ce bindigogin Surajo suna ƙyalli, har da sauran fentin famfo. Kwamiti na son ta gaske, mai layu da tsohuwar fata, wadda za a sa sahun gaba a hoto. In unguwarmu ba ta kawo irinta ba, hular Gado za ta koma kan wani.

To jiya da Gado ya fito daga kwandon ya kakkaɓe riga, sai ya karanto muna doka: ba a karɓar bindiga sai babu komai cikinta. Na ce madalla, mijina na wasa, to ka san bindigar toka ba a kwance mata ɗuri sai an harba. Ya ce harbi haramun ne ga wanda ba shi da lasin. Na ce to a bar ta rataye inda take. Ya ce ajiye ta ma laifi ne. Ka kai ta, laifi. Ka harba, laifi. Ka bar ta, laifi. Gaba kura, baya siyaki, tsakiya kwamiti.

Ɗurin nan kuwa da tarihinsa. Tamu ne ke harba wa gari bindiga in an ga watan azumi ko na Sallah. Ƙarshen Sha'aban ya ɗura ta, albarushi da tsumma, ya rataye, ya kwanta da zazzaɓi, watan da bai gani ba ke nan. Jikokin da anka haifa bayansa yanzu har sun fara tasawa. Ba wanda ya taɓa ta sai zanzaro, shi kam ya yi gini a bakinta har hawa biyu, ba lasin ba kwamiti.

Jibrilla ya ce shi zai harbar da tsohon ɗurin, ya yi sabo. Na dube shi. Shi kaɗai gare ni namiji, sauran duk mata suna ɗakunansu. Su waɗancan masu babura, an ce abin da ke rataye a kafaɗarsu ba ya tsayawa shan iska. Ita Hana-Barci in ta yi magana ɗaya, sai ka zauna ka auna albarushi, ka nemo tsumma, ka daddanna da sanda, kamar mai dama kunu. Amma yaro ba ya jin wannan daga bakin uwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi. Sai na ce a gwada ta yadda Tamu ke gwada tsohuwar bindiga: a ɗaure ta jikin itace, a sa igiya a kunama, a ja daga nesa. In ta tashi, Jibrilla ya ɗauka, ba ni hana shi. In ta ƙi, ta Gado ce.

Gado ya ce shi a matsayinsa bai kamata ya ga harbi ba. Saboda haka ya juya muna baya, ya toshe kunnuwa, ya ce in an gama a taɓa shi. Kun ga aikin hukuma tsaf.

Munka ɗaure ta jikin itacen dogon yaro na tsakar gida, bakinta sama. Jibrilla ya laɓe bayan rumbu da igiya. Ni kuwa abin da na roƙi Allah a lokacin, tsakanina da Shi ne. Ya ja. Ta ce ƙyas. Ya koma ya ɗana, ya sake ja. Ƙyas. Kaji ko ɗaga kai ba su yi ba. A na ƙarshe ne zanzaro ya fito, ya kewaya kan Gado sau ɗaya kamar mai neman wanda zai kai wa ƙara, ya koma gidansa.

Da anka taɓa Gado ya juyo, ya ce alhamdu lillahi, bindigar da ba ta tashi a hukumance babu komai cikinta. Na ce albarushin fa? Ya ce albarushin bai shigo cikin doka ba. Ya kwance ta ya rungume kamar jariri. Don haka mutanen Jega, ina ba ku haƙuri tun yanzu. Ran da anka cinna wa tulin nan wuta gaban Garkuwan Kansa, in kunka ji wata irin ƙara, kada ku tashi da azumi. Tamu ne ke cika aikinsa.

Jibrilla bai yi dariya ba. Ya tsaya da igiya a hannu, ya ce dama na san ba ta tashi. Na ce ban sani ba, fata dai na yi. Na ce wannan ƙyas ɗin da ya ji, shi masu babura za su ji, su kuwa tasu ba ta cewa ƙyas.

"Albasa ana sake dasa ta, Jibrilla. Kai in an tuge ka, ina na ga iri?"

"To Inna, in na bar musu gonar, mi za mu ci?"

Na juya ga Gado, tunda shi ne hukuma mafi kusa, na ce ya amsa wa yaron. Ya yi gyaran murya ya ce ana kan duba lamarin, kuma da zarar an gama karɓar makamai za a kafa wani kwamitin na tsaron gonaki, shi ma shina sa ran shiga.

Jibrilla ya shiga ɗaki ya fito da addarsa da gorar ruwa. Na ce ina za shi. Ya ce inda albasarsa take. Ashe bindigar kaɗai na iya hana shi, gonar ban iya ba. Ya ratsa zaure, ya fizgo ƙyauren langa-langa ya buga shi, bugun da sai da ƙasa ta zubo daga soro. Kaji sunka watse, akuya ta tsinke igiya, Gado ya yar da Hana-Barci ya kife ƙasa da ciki shina salati.

Duk shekarar nan ban ji abin da ya yi ƙara don kare albasarmu ba sai ƙyauren nan. Ku rufa mini asiri kada kwamiti ya ji, a zo a kai shi Jega.